Shin haƙƙin samun abinci magana ce ta takarda kawai?

"Malam, kusan kowace shekara muna jin an yi babban taro kan yunwa, shugabanni sun sa hannu a wata yarjejeniya, amma rahotanni sai ƙara cewa suke yi masu fama da yunwa na da yawa. Na kuma ji ana cewa samun abinci haƙƙi ne na ɗan Adam. To idan haƙƙi ne, wa mai jin yunwa zai kai ƙara? Sannan wannan noma mai jure sauyin yanayi da ake ta yayatawa, abu ne na gaske, ko kuwa tsohon abu aka sauya wa suna don a samu kuɗin tallafi?"

Ɗan'uwa, tambayarka ta ɗaure abubuwa uku da igiya guda, wato alƙawuran da ƙasashe suke ɗauka, da dokar da ta ce abinci haƙƙi ne, da kuma dabarun noma a lokacin da damina ta daina tsayawa kan ƙa'idarta. Masu wannan aiki sun saba rarraba su, kowane yana da taronsa da ƙwararrunsa, alhali a gidan manomi duk abu ɗaya ne. Na shafe shekaru ina aiki tsakanin gonakin gwaji da ofisoshin da ake tsara manufofin abinci, kuma abin da na ƙaru da shi shi ne, yarjejeniyar duniya ba ta taɓa ciyar da kowa da kanta ba, sai idan wata ƙasa ta mayar da ita doka, ta ware mata kuɗi, aka kuma samu wanda za a tuhuma idan aikin bai yiwu ba. Inda aka yi haka an ga sauyi mai girma, inda ba a yi ba kuwa takardar tana nan a ajiye.

Shakkarka tana da tushe, domin tarihin alƙawuran ya yi tsawo. An kafa Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ranar 16 ga Oktoba 1945, shi ya sa ake bikin Ranar Abinci ta Duniya a wannan rana. A babban taron abinci na Roma a 1974, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, Henry Kissinger, ya ce nan da shekara goma babu yaron da zai kwana da yunwa, kuma shekara goman na cika aka shiga mummunar yunwar Habasha ta 1984. A 1996 aka sake taruwa a Roma aka yi alƙawarin rage yawan masu yunwa da rabi kafin 2015, ba a kai ga hakan ba. A 2015 aka ɗauki muradin kawo ƙarshen yunwa baki ɗaya nan da 2030, amma rahoton da hukumomin Majalisar suka fitar a 2024 ya nuna cewa mutum kusan miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a 2023, wato mutum ɗaya cikin goma sha ɗaya a duniya, a Afirka kuwa ɗaya cikin biyar.

Duk da haka ba adalci ba ne a ce babu abin da aka cimma. A farkon shekarun 1990, kusan kashi 23 cikin 100 na mutanen ƙasashe masu tasowa ba sa samun isasshen abinci, zuwa 2015 adadin ya sauko kusa da kashi 13, duk kuwa da ƙaruwar jama'a. Yawancin wannan ci gaba ya samu ne a Sin da Biyetnam da Brazil da wasu ƙasashen da gwamnatocinsu suka ɗauki lamarin a matsayin aikinsu na cikin gida. Bayan 2015 ne yaƙe-yaƙe da fari da annobar korona da tsadar kaya suka taru suka tsayar da tafiyar.

Abincin yana nan, hannu ne ba ya kaiwa

Duniya tana noma hatsi sama da tan biliyan 2.8 a shekara, adadin da ya ishi kowa in da rabo ne kawai matsalar. Masanin tattalin arzikin nan ɗan Indiya, Amartya Sen, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 1998, ya yi nazarin yunwar da ta hallaka miliyoyin mutane a yankin Bengal a 1943, ya nuna cewa abin da ya fi kashe mutane shi ne farashin shinkafa da ya yi tashin gwauron zabi alhali ladan leburori bai motsa ba, ga hatsi a kasuwa amma babu abin saye. Daga irin wannan nazari ne fahimtar masana ta sauya. Ma'anar wadatar abinci da aka amince da ita a taron 1996 ta ƙunshi samuwar abincin, da ikon kowane mutum na kai hannu gare shi, da kasancewarsa mai gina jiki marar cutarwa, da kuma ɗorewar hakan a kowane lokaci. Ƙasa tana iya cika rumbunanta har ta sayar wa waje, a cikinta kuma yara suna fama da tamowa.

Wannan ne ya sa maganar haƙƙi take da nauyi. Idan ƙarancin hatsi ne ya haddasa yunwa, ana iya ɗora laifin a kan ruwan sama. Idan kuwa hatsin yana nan, wasu ne ba su iya samu, to akwai shawarar da wani ya yanke, ko ya ƙi yankewa, kuma wannan abu ne da ake iya tambayar mutum a kansa.

Wa za a kai ƙara

Haƙƙin samun abinci ya fara bayyana a sashe na 25 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948, amma sanarwa ba ta ɗaure kowa. Abin da ya ɗaure ƙasashe shi ne sashe na 11 na yarjejeniyar haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa da al'adu, wadda aka amince da ita a 1966 ta fara aiki a 1976. Mafi yawan ƙasashen duniya sun tabbatar da ita, ko da yake Amurka ta sa hannu a 1977 amma majalisar dattawanta ba ta tabbatar ba har yau. A 1999 kwamitin da ke kula da yarjejeniyar ya fayyace nauyin da ke kan gwamnati. Na farko, kada ita da kanta ta raba mutum da hanyar abincinsa, kamar ta tashe shi daga gonarsa babu diyya. Na biyu, ta hana wasu yi masa haka, ko kamfani ne ko mai ƙarfi a gari. Na uku, ta buɗe hanyoyin da mutane za su ciyar da kansu, idan kuma bala'i ko rauni ya hana su, ta ciyar da su kai tsaye. Mutane da yawa suna ɗauka cewa haƙƙin yana nufin gwamnati ta raba wa kowa abinci kyauta, alhali rabon shi ne mataki na ƙarshe, mafi yawan haƙƙin yana kan ƙasar noma da ruwa da iri da aikin yi.

A matakin duniya, gaskiya ƙofar ƙara ƙunƙuntacciya ce. Akwai wata ƙarin yarjejeniya da ta fara aiki a 2013 wadda ta ba mutum damar kai koke gaban wannan kwamiti da ke zama a Jeneba, amma ƙasashe kaɗan ne suka shige ta, kuma abin da kwamitin ya yanke shawara ce, ba shi da ɗan sandan da zai tilasta ta. Akwai kuma mai bincike na musamman kan haƙƙin abinci, muƙamin da aka ƙirƙira a shekarar 2000, wanda Jean Ziegler ya fara riƙewa. Ƙarfinsa bai wuce ziyara da rubuta rahoto da kunyata gwamnati a idon duniya ba.

Inda haƙƙin ya yi haƙora shi ne kotunan cikin gida, kuma babu misalin da ya kai na Indiya. A 2001, lokacin da fari ya addabi jihar Rajastan alhali rumbunan gwamnati sun cika da hatsi har wani yana ruɓewa, wata ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta shigar da ƙara a Kotun Ƙoli tana cewa haƙƙin rayuwa da ke cikin kundin tsarin mulki ya haɗa da haƙƙin cin abinci. Kotun ta karɓi hujjar, ta riƙa ba da umarni ɗaya bayan ɗaya na tsawon shekaru, cikinsu har da tilasta wa jihohi su dafa wa ɗaliban makarantun firamare na gwamnati abincin rana, ta kuma naɗa kwamishinonin da za su bi diddigin aiwatarwa. Wannan shari'a ce ta share hanyar dokar wadatar abinci ta 2013, wadda ta ba har kashi 75 na mutanen karkara da kashi 50 na mutanen birni haƙƙin samun kilo 5 na hatsi ga kowane mutum a wata, adadin da ya kai mutum kusan miliyan 800. Tsarin yana da yoyo, ana karkatar da hatsi, kuma Indiya tana da ɗimbin yaran da ba sa samun abinci mai gina jiki har yanzu. Amma wanda aka hana shi rabonsa yana da doka a hannu da ofishin da zai je.

Brazil ta bi ta hanyar siyasa da kasafin kuɗi. Shirin kawar da yunwa da Shugaba Lula ya fara a 2003 ya haɗa tallafin kuɗi ga iyalai matalauta da sayen amfanin gona daga ƙananan manoma. Wata doka ta 2009 ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 na kuɗin ciyar da ɗalibai wajen sayen abinci daga gonakin iyali, abin da ya samar wa ƙaramin manomi kasuwa tabbatacciya ya kuma ciyar da ɗansa a makaranta. A 2010 aka shigar da abinci cikin haƙƙoƙin da kundin tsarin mulki ya lissafa, a 2014 kuma FAO ta cire ƙasar daga taswirar yunwa. Da aka rage kuɗin waɗannan shirye-shirye bayan wasu shekaru, sai yunwar ta dawo, duk da cewa kalmar tana nan cikin kundin ba a goge ta ba. Kenya da Afirka ta Kudu su ma sun rubuta haƙƙin a kundinsu, kuma abin da kowace ta samu ya danganta ne da abin da ta kashe a kai.

Akwai wurin da duk wannan magana take tsayawa cak, wato fagen yaƙi. A 2018 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2417 yana la'antar amfani da yunwa a matsayin makami, amma an tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin Zamzam na Sudan a 2024, sannan a Gaza a 2025, kuma a duka biyun hana kayan agaji wucewa yana cikin manyan dalilai. Ma'aunin da ake amfani da shi ma yana da nasa ciwo. Ba a ayyana matsananciyar yunwa sai kashi 20 na gidaje sun rasa abinci ƙwarai, kashi 30 na yara sun kamu da tamowa mai tsanani, kuma mutum biyu cikin kowane 10,000 suna mutuwa kullum. A Somaliya tsakanin ƙarshen 2010 da farkon 2012 mutum kusan 260,000 suka rasu, kimanin rabinsu kafin a ayyana yunwar a watan Yulin 2011, alhali masu sa ido sun yi wata da watanni suna gargaɗi. Kuɗin agaji ya zo, amma ihu ne bayan hari.

Ciniki ma yana da hannu. A 2007 zuwa 2008 farashin shinkafa a kasuwar duniya ya ninka kusan sau uku cikin 'yan watanni, ba don an rasa ta ba, sai don manyan masu fitar da ita irin su Indiya da Biyetnam sun taƙaita sayarwa waje, masu saye kuma suka firgita suka shiga tarawa. Kowace gwamnati tana kare mutanenta ne, amma nauyin ya faɗa kan ƙasashen da suka dogara da shigo da abinci. A nan ne nake ganin amfanin diflomasiyya a fili: yarjejeniyar da Rasha da Yukiren suka shiga ana tsakiyar yaƙinsu, bayan Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya sun shiga tsakani a Yulin 2022, ta ba da damar fitar da kusan tan miliyan 33 na hatsi da sauran kayan abinci daga tashoshin ruwan Yukiren, kafin Rasha ta janye bayan shekara guda.

Noman da ke jure sauyin yanayi

Sunan sabo ne, FAO ce ta fito da shi a 2010, tana nufin noman da zai ƙara amfanin gona, ya jure fari da ambaliya da zafi, ya kuma rage hayaƙin da ke ɗumama duniya idan hakan zai yiwu. Abubuwan da ke ƙarƙashin sunan kuwa wasu tsofaffi ne ƙwarai, wasu sababbi ne na gaske, wasu kuma lallai fenti ne kawai aka shafa wa tsohon aiki don a dace da sharuɗɗan masu ba da tallafi. Na ga takardun neman kuɗi da aka ɗauki shirin rabon takin zamani na shekarun baya aka liƙa masa wannan suna ba tare da an sauya ko da layi ɗaya na aikin ba.

Daga cikin sababbin, wanda ya fi burge ni shi ne shinkafar da ke jure nutsewa. Masu bincike, ciki har da na cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin, sun gano ƙwayar halitta a jikin wata tsohuwar shinkafar gargajiya ta Indiya wadda take sa tsiron ya daina girma ya adana ƙarfinsa idan ruwa ya rufe shi. Suka shigar da ita cikin irin da manoma suka riga suka saba da shi, aka samu Swarna-Sub1, wadda aka fitar a Indiya a 2009, mai iya yin kusan mako biyu a ƙarƙashin ruwa ta farfaɗo. Dabarar da ke ciki ita ce ba a nemi manomi ya sauya ɗanɗano ko kasuwa ko yadda yake aiki ba. Haka nan cibiyar binciken masara da alkama ta Meziko tare da cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan sun samar da nau'o'in masara masu jure fari da suka yaɗu a ƙasashen Afirka goma sha uku. Duk wannan ya dogara ne da ajiyar tsofaffin iri, shi ya sa rumbun iri na Svalbard da aka buɗe a ƙasar Norwe a 2008 yake da muhimmanci. A 2015, da yaƙin Siriya ya raba masu bincike da ma'ajiyarsu ta Halab, daga wannan rumbu suka karɓo kwafin irinsu suka sake shukawa a Labanan da Maroko.

Daga cikin tsofaffin akwai ramukan zai, waɗanda ake kira tassa, da marigayi Yacouba Sawadogo ya farfaɗo da su a Burkina Faso, inda ake haƙa rami a fako tun da rani a zuba taki, ruwan farko ya taru a ciki maimakon ya gudu. Akwai kuma renon kututturan itatuwa a cikin gona maimakon sassabe su, wanda ya mayar da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Abin lura a wannan na biyun shi ne, bai bunƙasa ba sai da manoma suka tabbata cewa itacen da suka rena nasu ne, ba na jami'in gandun daji ba. Ka ga a nan dabarar noma da maganar haƙƙi sun haɗu a wuri guda, domin babu mai haƙa rami ɗaruruwa ko renon itace na shekara biyar a gonar da za a iya ƙwace masa gobe. Mata su ne suka fi shiga wannan hali, tunda a wurare da dama suna noma ƙasar da ba su da iko a kanta.

Na taɓa yin aiki a wani shiri da ya raba iri mai saurin nuna, wanda a gonar gwaji ya ba da amfani fiye da na gargajiya a shekarar ƙarancin ruwa. Bayan damina biyu muka koma muka tarar mafi yawan manoman sun koma tsohon irinsu. Da muka zauna da su sai suka ce sabon yana nuna tun kafin na maƙwabta, don haka tsuntsaye a kansa suke tarewa, ga shi ƙwari suna saurin cin sa a rumbu, ga shi kuma a shekara ta biyu bai iso ba sai bayan an gama shuka. Mu mun auna abin da aka girbe a hekta, su kuwa suna auna abin da ya rage a rumbu zuwa tsakiyar damina mai zuwa. Tun daga lokacin na daina yarda da duk wani rahoto da ya ƙirga mutanen da aka raba wa iri bai ƙirga waɗanda suka sake shuka shi da kuɗinsu ba.

Sashen rage hayaƙi ne ya fi jawo gardama, kuma ina tare da masu ƙorafi a wani ɓangare. Harkar abinci baki ɗayanta, daga sare daji zuwa kiwo da taki da sufuri, tana fitar da kusan kashi ɗaya cikin uku na hayaƙin da ɗan Adam ke fitarwa, amma rabon ƙaramin manomi mai hekta ɗaya ko biyu a ciki kaɗan ne, don haka bai dace a ɗora masa sharaɗin rage hayaƙi kafin a taimake shi ba. Gaggawa ma tana da haɗari. Sri Lanka ta hana shigo da takin zamani kwatsam a 2021 da sunan komawa noman da babu sinadari, amfanin shinkafa da ganyen shayi ya faɗi, aka janye dokar kafin shekarar ta ƙare, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sannan juriya tana da iyaka. Babu irin da zai tsira daga damina biyar a jere da suka gaza, kamar yadda aka gani a yankin ƙahon Afirka tsakanin 2020 da 2023, ko ambaliya irin ta Pakistan a 2022. A irin wannan hali abin da ke hana iyali sayar da shanun huɗa da cinye irin shuka shi ne tallafin da ya iso da wuri. Habasha ta kafa shirin tallafi na dindindin a 2005 wanda ake faɗaɗawa idan fari ya zo, maimakon a jira roƙon agaji kowace shekara. A Bangaladash a 2020 an tura wa iyalai kuɗi ta waya kwanaki kafin ambaliya ta kai ƙololuwa, bisa hasashen masana. Inshorar fari ma ana gwada ta, ko da yake abin da ya faru a Malawi a 2016 ya nuna rauninta: ƙasar ta biya kuɗin inshora, fari ya zo, amma lissafin kwamfuta ya ce ɓarnar ba ta kai a biya ba, saboda an gina shi a kan wani nau'in masara da manoma ba shi suke shukawa ba, sai da aka sake lissafi kafin kuɗin ya fito a makare.

Duk waɗannan suna buƙatar kuɗi, kuma a nan ne alƙawuran duniya suka fi rauni. Dala biliyan 100 a shekara da ƙasashe masu arziki suka yi alƙawari a Kopenhagen a 2009 cewa za ta samu nan da 2020 ba ta cika ba sai 2022, kaso mai yawa na ciki bashi ne, kuma ɗan kaɗan ne ya kai ga ƙananan manoma. Asusun biyan asarar da sauyin yanayi ya haddasa, wanda aka amince da shi a Masar a 2022, abin da aka zuba masa bai kama ƙafar buƙata ba. Shirin Samar da Abinci na Duniya, WFP, da ya karɓi Nobel ta zaman lafiya a 2020, ya rage rabon abinci a ƙasashe da dama bayan manyan masu ba da gudummawa, musamman Amurka a 2025, sun zaftare tallafinsu. Su ma ƙasashen Afirka sun yi alƙawari a Maputo a 2003 cewa za su ware kashi 10 na kasafin kuɗinsu ga noma, suka sabunta shi a Malabo a 2014, amma 'yan ƙalilan ne suka taɓa cikawa. A gefe guda kuma, wani rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ƙiyasta cewa gwamnatocin duniya suna tallafa wa masu noma da kusan dala biliyan 540 kowace shekara, kuma kimanin kashi 87 na wannan tallafi yana karkatar da farashi ko yana cutar da muhalli da lafiyar jama'a, mafi yawansa kuma manyan gonaki ne suke amfana da shi.